Albert Calmette: Likitan da ya bar lamba a hannunmu, ya rasu da baƙin cikin jariran Lubek

Idan ka naɗe hannun rigarka na hagu, da wuya ka rasa wani ɗan tabo zagayayye da bai wuce girman ƙwayar wake ba. Na wasu a damtse yake, na wasu a ƙasa da gwiwar hannu, ya danganta da ƙasar da aka haifi mutum. Lambar allurar BCG ce, wadda ake yi wa jariri a kwanakinsa na farko a duniya domin kare shi daga tarin fuka. Ɗan Ƙonni ko Malbaza ko Illela da ke neman kuɗi a Legas, Abidjan, Tamanrasset ko Brussels, ko da ya bar komai a gida, da wannan lambar ya tafi.

Harafin C da ke tsakiyar sunan allurar na sunan mutum ne, Albert Calmette, likitan Faransa da ya rasu a 1933. G na abokin aikinsa ne, Camille Guérin. B kuma na ƙwayar cutar da suka shafe shekara 13 suna horarwa har ta daina kisa.

Akwai abin da iyaye mata suka sani game da wannan allura fiye da kowa. Wani lokaci bayan makonni ko ƴan watanni, sai ƙaluluwa ta fito wa jariri a hammatar hannun da aka yi wa allurar. Hankalin uwa ya tashi, kaka ta ce a kira wanzami. Wannan ɗan kumburi ya bi Calmette tun daga takardar kammala karatunsa har zuwa shari'ar da ta girgiza shi a ƙarshen rayuwarsa. Shi ne kuma ya dawo a 2021 ya rikita likitocin da ke karanta hotunan masu ciwon daji.

Taifot ta hana shi zama hafsan jirgin ruwa

An haife shi ranar 12 ga Yulin 1863 a birnin Nice da ke kudancin Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne da ake yawan sauya wa wurin aiki, don haka yaron ya yi karatu a garuruwa daban-daban. Burinsa ya zama hafsan sojan ruwa, amma zazzaɓin taifot ya kwantar da shi yana ɗan makaranta, ya rasa damar shiga makarantar hafsoshi. Da ya ga haka sai ya biyo ta wata ƙofar. A 1881 ya shiga makarantar likitocin sojan ruwa ta Brest.

Bayan shekara biyu aka tura shi gabashin Asiya tare da rundunar jiragen yaƙin Faransa. A Hong Kong ya haɗu da Patrick Manson, likitan Birtaniya da ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar tsutsar da ke haddasa tundurmi. Wannan tsutsa a hanyoyin ruwan jiki take zama, waɗanda ke bi ta cikin ƙaluluwa, idan ta toshe su sai ƙafa ta kumbura ta zama kamar turmi. A kanta Calmette ya rubuta takardar digirinsa ta likita a 1886.

Daga nan sai Afirka. Ya yi aiki a Gabon tsakanin 1886 da 1887, inda ya ga zazzaɓin cizon sauro da ciwon barci. Bayan ya auri Émilie de la Salle a 1888 aka tura shi wasu tsibirai masu sanyi kusa da Kanada, wurin masunta. A can ne, da madubin ganin ƙwayoyin cuta da ƴan littattafai, ya koya wa kansa aikin bincike, har ya gano ƙwayar da ke sa busasshen kifi ya yi ja ya lalace. Ƙaramin aiki ne, amma shi ya buɗe masa ƙofar cibiyar Louis Pasteur a Paris a 1890, inda ya yi karatu a wurin Émile Roux, mutumin da zai zama amininsa har mutuwa.

Yana da shekara 27 Pasteur ya zaɓe shi ya je Saigon, a Biyetnam ta yau, ya kafa reshen cibiyar na farko a wajen Faransa. A 1891 ke nan. Allurar agana da ake kawowa daga Turai lalacewa take yi a hanya saboda zafi, sai ya fara haɗa ta a can a fatar ƴan ɓaunar da manoman ƙasar ke noma da su. Ya haɗa rigakafin cizon mahaukacin kare. A wannan shekara ambaliya ta koro gamsheƙa cikin wani ƙauye kusa da Bac Lieu suka sassari mutane, aka kamo wasu da rai aka aiko masa. Da dafinsu ya fara binciken da ya kai shi ga maganin saran maciji a 1894, bayan ciwon atuni ya tilasta masa komawa gida. Dabarar ita ce a riƙa yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininta ya ƙera makari, sannan a tace jinin. Har gobe galibi a jikin dawakai ake haɗa maganin da ake nema idan kububuwa ta sari manomi da damina.

Bai kamata a mai da shi waliyyi ba. Likitan mulkin mallaka ne, kuma cikin ayyukansa na Saigon har da binciken yadda za a inganta giyar shinkafa, wadda gwamnatin mallaka ta mayar hanyar tara haraji. A watan Afrilun 1899 aka yi bikin buɗe ginin cibiyar Pasteur ta birnin Lille da yake shugabanta. A watan Mayun wannan shekara rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta kashe mutane ta cinna wa garin wuta. Tuta ɗaya ce a wuraren biyu. Ɗan Ƙonni da ya san wannan tarihi yana da hujjar yin tambaya kafin ya miƙa hannun ɗansa ga allurar da ta fito daga can, kuma ya cancanci a ba shi amsa da hujja.

Dankali, maɗaciyar sa da shekara 13

An naɗa Calmette shugaban cibiyar Lille a 1895. A ƙarshen wannan shekara wani masani a Jamus, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, abin da a Nijar muke kira radiyo, a Najeriya kuma hoton ƙirji ko na ƙashi. Cikin shekara biyu likitoci a Paris suka fara leƙa ƙirjin masu tari da shi.

Lille gari ne na masaƙu da ma'aikata matalauta da ke cunkushe a ɗakuna marasa iska, tarin fuka yana ta ɗibarsu. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma maganin da ya yi shela a 1890 bai yi aiki ba. Babu magani, babu rigakafi. A 1901 Calmette ya buɗe wani ɗakin shan magani na masu tarin fuka, inda ake bin majinyaci har gida a ga yadda yake kwana, a ba shi madara da abin tofa kaki, a wanke masa kaya, a koya wa iyalinsa yadda za su kare kansu.

Tun 1897 ya samu mataimaki, likitan dabbobi Camille Guérin, wanda tarin fuka ya kashe mahaifinsa yana yaro, daga baya kuma ya kashe matarsa a 1918. Su biyun suka fara da shanu, kuma a nan ƙaluluwa ta shigo tsakiyar aikinsu.

Ƙaluluwa ba cuta ba ce da ke zuwa daga waje. Kowa yana da ɗaruruwan ƴan ƙananan ƙulli a wuya, hammata, matsematsi, cikin ƙirji da gefen hanji, waɗanda ruwan jiki ke bi ta cikinsu ana tace shi. Kamar shingen duba kaya ne a hanyar Ƙonni zuwa Sakkwato: duk baƙon abu da ya shigo ta wani sashe na jiki, a shingen da ya fi kusa ake tare shi. Idan an tare shi sai ƙwayoyin garkuwar jiki su taru su hayayyafa, ƙullin ya kumbura har a ji shi da hannu. Shi ya sa mai gyambo a ƙafa ke jin ƙaluluwa a matsematsi.

Calmette da Guérin sun riƙa ciyar da maruƙa ƙwayar tarin fuka, daga baya su yanka su duba ƙullin gefen hanji. Suka fitar da ra'ayi biyu. Na farko, cewa cutar ta hanji ta fi shiga jiki kafin ta kai huhu. A nan sun kuskure, domin yau an san cewa ta iska aka fi kamuwa. Na biyu, cewa dabbar da ƴar ƙwaya kaɗan ta shiga jikinta aka tare ta a ƙullin nan, takan jure idan cutar ta sake zuwa. A nan sun dace, kuma a kan wannan aka gina rigakafin. Abin da ya rage shi ne a samu ƙwaya mai rai da za ta isa shingen ta tayar da masu gadi, amma ba ta da ƙarfin wucewa ta yi ɓarna.

Suka ɗauki wata muguwar ƙwayar tarin shanu da Edmond Nocard ya ciro daga nonon wata saniya mai ciwo. Matsalarta ita ce dunƙulewa take yi a kwalba. Don su warware ta sai suka zuba ruwan maɗaciyar sa a kan yankan dankalin Turawa da aka dafa da gilisarin. Sai suka lura ƙwayar da ta girma a wannan abinci ƙarfinta na raguwa. Daga 1908 suka shiga dasa ta daga kwalba zuwa kwalba duk bayan mako uku. Sau 230 suka yi haka, har 1921. A tsakani suna gwada ta a jikin ɓeran masar, zomo, shanu da birai, har ta kai ba ta sa wa kowannensu cuta.

Shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne. Ranar 16 ga Maris 1914 matar ministan kuɗin Faransa, Henriette Caillaux, ta shiga ofishin wansa Gaston Calmette, editan jaridar Le Figaro, ta harbe shi saboda rubuce-rubucen da yake yi a kan mijinta. Kotu ta sallame ta a watan Yuli, ana gab da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Oktoba sojojin Jamus suka mamaye Lille, suka zauna shekara huɗu. Dankali ya yi tsada, maɗaciyar sa sai an roƙa a mayankar da ke hannun ƴan mamaya, amma ba a fasa dashen ko sau ɗaya ba. A farkon 1918 Jamusawa suka kama matarsa Émilie cikin waɗanda suka yi garkuwa da su, suka kai ta sansanin Holzminden na tsawon watanni.

A wannan yaƙin ne wani abokin aikinsu, Amédée Borrel, ya duba sojojin Afirka ta Yamma da aka tara a sansanin Fréjus. Ya ga tarin fuka yana cin su da sauri kamar yadda yake cin jarirai, kuma alamar farko da yake samu ita ce ƙaluluwa a saman ƙashin wuya. Wannan ya ƙara sa Faransa tunanin kai rigakafin ƙasashen da take mulka. A shekarun 1920 an gwada BCG a jikin birai a cibiyar Kindia ta ƙasar Gini, an kuma fara ba jarirai a Dakar.

Jariri na farko da ya sha, a Paris ne, a watan Yulin 1921, a asibitin Charité, ta hannun likitan yara Benjamin Weill-Hallé. Mahaifiyarsa ta rasu da tarin fuka jim kaɗan bayan haihuwa, kakar da za ta rene shi ita ma tana da cutar. Ta baki aka ba shi, sau uku, bisa ra'ayin Calmette na cewa hanji ne ƙofa. Yaron ya tashi lafiya. Daga 1924 cibiyar Pasteur ta fara raba rigakafin kyauta, kuma zuwa 1928 jarirai sama da 100,000 sun sha a Faransa.

Ba kowa ya gamsu ba. Masana lissafi a Ingila, irin su Major Greenwood, sun ce alƙaluman Calmette ba su da inganci, domin bai kwatanta yaran da aka ba da waɗanda ba a ba ba ta hanyar da ta dace. Sun faɗi gaskiya, kuma shi mutum ne da ba ya son a taɓa masa aiki. Wasu a Amurka suka ce ƙwayar tana iya komawa muguntarta ta asali. Wannan zargi na biyu shi ya fi tsaya masa a rai.

Lubek

A 1929 hukumar lafiya ta birnin Lubek a arewacin Jamus ta nemi irin ƙwayar daga Paris, aka aika mata. A ɗakin gwajin babban asibitin garin, ƙarƙashin Farfesa Georg Deycke, aka riƙa haɗa rigakafin. A ƙarshen Fabrairun 1930 aka fara ba jarirai gadan-gadan, ungozomomi suna ɗura musu a cokali.

Bayan makonni yara suka fara rama. Ƙaluluwa ta fito musu a wuya, ciki ya kumbura. Da farko an ɗauka irin kumburin da aka saba gani ne bayan rigakafi. Sai aka fara mutuwa. Da aka buɗe gawa a ƙarshen Afrilu aka ga ƙullin gefen hanji cike da tarin fuka, Deycke ya sa aka lalata sauran rigakafin da ke ɗakin gwajin, abin da daga baya ya wahalar da masu bincike. Jarirai 251 aka ba. Tarin fuka ya kashe 72. Wasu 173 sun nuna alamun cutar, a jiki ko a hoton radiyo, amma suka rayu.

Jaridun Jamus suka taso wa Calmette, ana kiran rigakafin gubar Faransa, ga shi kuma ba a daɗe da gama yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ba. Dattijo mai shekara 67 ya shiga rubuta wasiƙu da amsa zargi dare da rana. Tambayar ita ce, ƙwayarsa ce ta koma kisa, ko wata ce ta shiga cikinta?

Masanan gwamnatin Jamus biyu, Bruno Lange da Ludwig Lange, suka ɗebi ƙwayar daga gawarwakin yaran suka yi ta gwaji fiye da shekara. Suka gano cewa ba BCG ba ce. Wata muguwar ƙwayar tarin mutane ce da aka kawo daga birnin Kiel, wadda ake ajiyewa a ɗakin gwaji ɗaya da rigakafin, ta gauraya da shi. An fara shari'a a watan Oktoban 1931, aka yanke hukunci a Fabrairun 1932. Deycke ya samu ɗaurin shekara biyu, shugaban hukumar lafiyar garin Ernst Altstaedt wata 15. An wanke BCG.

Wankewar ba ta dawo masa da lafiyarsa ba. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa abin ya karya shi. Ya rasu a Paris ranar 29 ga Oktoban 1933 yana da shekara 70. Bayan kwana biyar amininsa Roux ya bi shi. Guérin ya ci gaba da kula da ƙwayar har ya rasu a 1961. A Biyetnam, inda aka goge sunayen Faransawa da yawa daga tituna bayan samun ƴanci, an bar titi da gada da sunan Calmette a tsohuwar Saigon.

Yadda lambar ta iso hannunmu

Calmette bai yi niyyar barin tabo a hannun kowa ba, shi ta baki ya tsara. Likitocin Suwidin da Norwe ne suka koma yin allura a ƙarshen shekarun 1920, kuma Arvid Wallgren na Gothenburg ya fara yin ta a cikin fata a 1927. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu UNICEF da ƙungiyoyin agaji na arewacin Turai suka yi wa miliyoyin yara. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa BCG cikin jerin rigakafin yara, shirin da ya kafu a Nijar a shekarun 1980. Yau ana yi wa jarirai kusan miliyan 100 a duk shekara.

Masu sukarsa ba su tashi a banza ba. Babban gwajin da aka yi a Chingleput ta Indiya ya nuna allurar ba ta kare manya daga tarin huhu ba. Inda ƙarfinta yake shi ne kare ƙananan yara daga nau'in da ya fi kisa, wato sanƙarau na tarin fuka da wanda ke bazuwa a duk jiki. Mai lamba a hannu yana iya kamuwa da tarin fuka yana babba, don haka tarin da ya wuce mako biyu gwajin kaki yake buƙata.

Da allura ta koma hannu, shingen da ya fi kusa ya zama hammata. Yawancin ƙaluluwar da ke biyo bayan BCG a gefen allurar take fitowa, jariri yana shan nono, babu zazzaɓi, kuma takan saɓe da kanta cikin makonni ko watanni. Wata takan nuna ta yi ruwa, wannan ma'aikacin lafiya ne zai duba, wani lokaci ya zuƙe ruwan da allura. Sakiya ko tsagar wanzami gyambo take bari mai wuyar warkewa. Idan kumburin ya fito a wurare da yawa, ko yaro yana rama da zazzaɓi, musamman wanda ake zargin garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, wannan ba na jira ba ne. A ƙarshen shekarun 1980 an ga yawaitar irin wannan kumburi a Zimbabuwe da Mozambik bayan an sauya nau'in BCG da ake amfani da shi zuwa wanda ya fi zafi.

Abin da hoto ba ya faɗa

Tambayar Lubek, wato ko wannan kumburi na garkuwa ne ko na cuta, ta sake tasowa a farkon 2021 da aka fara allurar korona. A gwajin allurar Moderna, kusan mutum 12 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 64 sun ji kumburi ko zafi a hammata bayan allurar farko, 16 cikin 100 bayan ta biyu. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga mai ciwon daji babbar magana ce, domin sankarar mama idan za ta bazu, ƙullin hammata take fara kamawa.

Likitocin hoto a Amurka da Turai suka fara ganin kumburarren ƙulli a hoton mama na matan da ba su da komai. A hoton PET abin ya fi rikitarwa. A wannan hoto ana yi wa majinyaci allurar wani sukari mai haske, ƙwayoyin daji masu haɗama su zuƙe shi su haskaka. To ƙwayoyin garkuwar da allura ta tayar su ma haɗamar gare su, su ma haskakawa suke yi. Sakamakon haka an huda wasu an ɗebi nama ba gaira ba dalili, wasu aka kusa ɗaukar ciwonsu ya kai matakin da bai kai ba, wanda hakan ke sauya irin maganin da za a ba mutum.

A watan Janairun 2021 ƙungiyar likitocin hoton mama ta Amurka ta ba da shawarar a yi hoton bincike kafin allura, ko a jira mako huɗu zuwa shida bayan ta biyu. A Fabrairun 2022 ta janye shawarar jiran. An gano kumburin kan daɗe watanni a wasu, kuma jinkirin hoto ya fi kumburin haɗari. Abin da ya tsaya shi ne mai sauƙi: a gaya wa mai ɗaukar hoto ranar da aka yi allura, irinta, da hannun da aka yi ta. Mai ciwo a mama ɗaya a yi mata allura a ɗaya hannun. Wannan bai tsaya ga korona ba, an ga irinsa bayan allurar mura da wasu.

A wajenmu haɗarin ya fi zuwa ta ɗaya gefen. Nijar ta fara allurar korona a ƙarshen Maris 2021, kuma a wannan shekara ce cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin ciwon daji, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje. Macen da ta ji ƙulli a hammata a wani ƙauyen Illela, tafiyarta takan fara daga asibitin gunduma ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, a yi mata eko, sannan a tura ta Tawa ko Yamai, tafiyar sama da kilomita 400 daga Ƙonni, ko ta tsallaka Sakkwato da ta fi kusa. Kuɗin mota, masauki da na hoto galibi daga hannun ɗa ko ƙane da ke ci-rani suke fitowa. A irin wannan hali abu ne mai sauƙi a ce ai allurar nan ce, a bari ta saɓe. Sankarar mama ita ce kan gaba cikin ciwon daji na matan Nijar, kuma likitoci sun daɗe suna kukan cewa a makare ake zuwa.

Akwai alamun da ke taimakawa. Ƙaluluwar allura a gefen allurar take, takan fito cikin kwanaki, tana da ɗan zafi, tana motsi ƙarƙashin yatsa, tana raguwa. Wadda ta yi tauri, ba ta zafi, ta manne, tana ƙaruwa bayan makonni, ko ta zo da ƙulli a mama, rama da gumin dare, ta asibiti ce ko an yi allura ko ba a yi ba. A ƙasarmu kuma akwai mai laifi na uku, tarin fuka na ƙaluluwar wuya, wanda a hoto yakan yi kama da ciwon daji na ƙullin jiki. Eko ko sikana girma da siffa suke nunawa. Idan shakka ta rage, sai an ɗebi ɗan nama an duba a ɗakin gwaji.

Ƙwayar da Calmette da Guérin suka rena a kan dankali ita ma ta shiga ɗakin masu ciwon daji, abin da bai rayu ya gani ba. A 1976 likita Alvaro Morales na Kingston a Kanada ya ba da rahoton cewa idan aka zuba BCG cikin mafitsarar mai ciwon dajin da bai yi zurfi ba, sau ɗaya a mako har mako shida, garkuwar jiki takan taso ta hana ciwon dawowa. Amurka ta amince da wannan magani a 1990, kuma har yau yana cikin manyan magungunan wannan ciwo. Waɗanda aka yi wa shi su ma wani lokaci hotonsu kan nuna ƙulli ko tabo mai kama da daji ya bazu, sai an ɗebi nama a ga ashe sawun BCG ne.